Tiya ɗaya, farashi biyu

Da zarar an ɗaure dammunan hatsi a ƙasar Dakoro, kasuwannin ƙauye sai su cika su batse. Daga Kornaka zuwa Sabon Mashi, daga Ɗan Gulbi zuwa Birnin Lalle, amalanke na bin amalanke, mata na tafe da ƙore a ka, ƴan baranda sun shimfiɗa buhunansu tun da sassafe. A waɗannan makonni hatsi ba shi da daraja. Mai saye ke tayawa yadda ya ga dama, mai kaya ya sallama, don ya san a bayansa akwai mutum goma masu jiran a auna nasu. Wata bakwai ko takwas bayan haka, in ruwa ya sauka, rumbu ya yi ƙasa, wannan manomi ne dai zai komo wannan kasuwa da ɗan abin da ya samo ci rani, ya tsaya gaban mai awo ya nemi tiya. Hatsin na nan yadda ya bar shi: ba a surfe shi ba, ba a niƙa shi ba, wani lokaci ko garin bai bari ba, yana jibge a mangazar da ke bayan kasuwa. Abin da ya sake shi ne farashi.

In ana maganar tsadar cimaka a Yamai, ko a majalisar ministoci ko a gidan rediyo, farashi ɗaya ake nufi, wato wanda mai cefane ke biya. Shi ke sa ƴan ƙwadago yajin aiki, shi ke fitar da jama'a kan titi, shi ke hana masu mulki barci. Amma akwai farashi na biyu, wanda ake miƙa wa manomi ranar da ya rabu da amfanin gonarsa, kuma wannan ba mai yi masa zanga-zanga. Alhali kuwa a tazarar da ke tsakanin farashin nan biyu ake gane ko noma na riƙe mai yin sa ko yana cinye shi. A ƙasa irin Dakoro wannan tazara kuɗin jira ce. Wanda ke da ƙarfin ajiye buhu daga kaka zuwa damana shi ke cin ta. Wanda ba shi da wannan ƙarfi shi ke biyan ta, kuma sau biyu yake biya, ranar sayarwa da ranar saye.

Tazara tsakanin gona da akushi ba Nijar kaɗai ke da ita ba. Ma'aikatar noma ta Amurka kan buga lissafi kowace shekara, na 2022 ya nuna cewa cikin kowace dalar Amurka da aka kashe wajen abinci, kimanin santi 15 ne ya koma hannun manomi. Faransa ma tun 2010 ta kafa hukuma mai bin diddigin yadda farashi ke hawa daga gona zuwa kanti, da rabon da kowa ke ɗauka a hanya. Sai dai a can alkama kan bi ta masana'anta, ta zama burodi, a naɗe a leda, a yi talla, a kai kanti. Kowane mataki akwai aikin da aka yi, ko da za a yi gardama a kan ladansa. A Dakoro hatsin da aka sayar a Oktoba shi ne ake saye a Yuli, sau da yawa cikin buhun da aka ɗura shi. In an cire kuɗin buhu da dako da hayar mangaza da abin da ɓera da ƙwari suka ci, sauran duk ladan haƙuri ne, haƙurin da talaka ba shi da halin yi.

Me ke hana manomi jira? Wanda ya zauna ƙauye ya san amsa. Kaka ita ce lokacin da bukatun shekara ke taruwa a ƙofa ɗaya. Makarantu na buɗewa a Oktoba, ga littafi ga tufa. Zazzaɓin cizon sauro na kan ganiyarsa a ƙarshen damana, ga kuɗin magani. Auren da aka ɗage, harajin da mai gari ke bi gida gida, kuɗin motar samarin da za su tafi ci rani Kano ko Agadas ko Libiya, duka daga rumbu za su fito, don gidan ba shi da wani asusu sai shi. Gaba da waɗannan akwai bashi. Wanda abinci ya ƙare masa a tsakiyar damana, ga noma na jiran sa, dole ya je wurin mai hali ya ci bashin hatsi ko na kuɗi, da sharaɗin biya da hatsi in an yi girbi. Bashin da farashin tsada ake ƙidaya shi, biyan kuwa da farashin araha, sai ga buhu ɗaya ya haifi biyu ko fiye. Ba banza ba mutanen karkara suka laƙaba wa irin wannan bashi suna "a ci ba daɗi". Manomin da ya faɗa wannan ƙangi ya sayar da hatsinsa tun yana tsaye a gona, kuma ba shi ya yanka farashin ba.

Ga kuma maganar awo. A takarda, tiya kimanin kilo 2 da rabi ce, tiya 40 buhu guda. A kasuwa kuwa tiyar saye daban, tiyar sayarwa daban. Ranar da ɗan baranda ke amsar hatsi, sai an cika ta yi tozo, a tare da tafi, wani har da damtse. Ranar da mai awo ke sayarwa, sai a shafe bakin kwano. Abin da ke salwanta tsakanin awon farko da na biyu ba ya shiga lissafin kowace hukuma, amma daga gumin wani ya fito. Wadda ta fi jin jiki ita ce mace mai ƴar gamana, wadda ke kai tiya uku ko biyar kasuwa don ta samu na gishiri da sabulu. Kayanta bai kai ta ja ciniki ba, in an danne mata awo kuma ba ta da wurin kai ƙara.

Daga nan za a gane abin da ke ɗaure wa mutanen birni kai. Sukan ce: tun da hatsi ya yi tsada, ai manoma sun ji daɗi. Ina! Tsada kan zo ne lokacin da manomi ba shi da na sayarwa, araha kuwa kan zo daidai ranar da yake da shi. A arewacin jahar Maraɗi, inda ruwa ke ƙaranci, ƙasa ta gaji, gonaki suka tsuke saboda yawan magada, gidaje da dama ba sa noma abin da zai kai su wata kakar ko da shekara ta yi kyau. Irin wannan gida, in an yi lissafin shekara, abin da ya saya ya fi abin da ya sayar. Saboda haka hawan farashi na samun sa a matsayin mai ci, saukar farashi na samun sa a matsayin mai noma. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi.

Shekarar 2005 ta isa shaida. Damanar 2004 ta yanke da wuri, fara ta biyo baya, hukuma ta ƙiyasta giɓin cimaka da tan 223,000, abin da bai kai kashi 10 cikin 100 na bukatar ƙasa ba. An ga giɓin da ya fi wannan a baya. Amma buhun hatsi mai kilo 100 da aka saya wajen jikka 10 zuwa 12 a kaka, ya kusa jikka 30 a wasu kasuwanni cikin Yuli da Agusta. Tiyar da manomi ya bayar kan dala 50 ko 60, sai da ya nemo kusan dala 150 kafin ya maido ta gida. Wato wanda ya sayar da buhu uku don ya biya bashi ya yi wa iyali sutura, kuɗin ukun nan da kyar suke saya masa guda. Hatsi na nan a kasuwa ana ganin sa, mutane na shiga daji neman anza da tafasa. Ƙungiyar likitocin MSF ta buɗe cibiyar jinyar tamowa a garin Dakoro, a shekarar kuma ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a faɗin ƙasa, mafi yawansu daga jahar Maraɗi, jahar da ake yi wa kirari da rumbun Nijar.

A farkon wannan shekara dai, gwamnatin shugaba Tanja Mamadu ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 kan madara da sukari da garin alkama da ruwa da lantarki. Mutanen birane suka tashi. Ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa, wanda Nuhu Arzika ke cikin jagororinsa, ya cika titunan Yamai cikin Maris, aka rufe kasuwanni, aka kama shugabanni, kafin ƙarshen Afrilu gwamnati ta ja da baya a kan mafi yawan kayan. Nasara ce ta gaskiya, babu mai raina ta. Amma a daidai lokacin mutanen Dakoro na kai akuyarsu ta ƙarshe kasuwa, hukuma kuwa na nan kan bakanta cewa ba za a raba abinci kyauta ba don kada a ɓata ciniki; sai sayarwa cikin rahusa, buhu jikka 10, ga mutanen da ko jikka ɗaya ba su da ita. Rabon kyauta bai kankama ba sai Agusta. Mai saye na birni ya samu biyan bukata cikin makonni, manomi ya yi wata da watanni yana jira, har sai da hotunan ƴaƴansa suka fita a talabijin ɗin Turai.

Dakoro kuwa ba ƙasar manoma kaɗai ba ce. Iyakar noma da dokar 1961 ta shata a arewa ta ratsa ta wajen kwarin Tarka. Bayan nan ƙasar kiwo ce, ta Fulani da Abzinawa, waɗanda yawancinsu da kasuwa suka dogara wajen hatsi. Makiyayi shi ma farashinsa biyu ne, na bisar da yake sayarwa da na hatsin da yake saye, kuma a muguwar shekara in ɗaya ya hau ɗayan sauka yake yi. In ciyawa ta yi ƙaranci, kowa na kai ramammun bisashe kasuwar Sakabal ko ta Dakoro a lokaci guda, farashi ya faɗi daidai sa'ad da hatsi ke tashi. Haka aka gani a 2005, haka aka sake gani a 2010, shekarar da aka yi asarar garkuna masu yawa a yankin Gadabeji. Wa ya taɓa ganin tsire ya yi araha a Yamai don saniya ta faɗi a Tarka?

Abu mafi sauƙi shi ne a ɗora laifin duka kan ƴan kasuwa, a ce Alhazan Maraɗi sun ɓoye hatsi. Gwamnatoci na son wannan magana, don tana ɗauke ido daga kansu. Gaskiya ne akwai masu ƙarfin da ke cika mangazu a kaka su rufe; gaskiya ne kuma manyan masu cinikin hatsi ba su da yawa, kuma su ke ba ƙananan masu tarawa jari su shiga ƙauyuka. Amma ɗan kasuwa na biyan mota daga Dakoro zuwa Maraɗi, kilomita 120 da ɗoriya, yana biyan ƴan dako da kuɗin kasuwa da na shingayen hanya, wanda doka ta sani da wanda ba ta sani ba. Akwai shekarun da kaka biyu masu kyau ke zuwa a jere, farashi ya ƙi tashi, wanda ya tara ya tafka asara. Tsadar 2005 ma ba daga mangazun Maraɗi kaɗai ta fito ba: hatsi ya yi tsada a arewacin Najeriya a shekarar, maƙwabta irin Burkina Faso da Mali sun tsuke fitar da nasu. Ajiya sana'a ce, dole wani ya yi ta, in ba haka ba ko tiya ba za a samu a watan Yuli ba. Abin tambaya shi ne, don me a ƙasar da mafi yawan jama'arta manoma ne, mutum kaɗan ne kawai ke da halin yin ta?

An yi zaton wayar salula za ta warware matsalar. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da waya ke shiga gari bayan gari, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, saboda ɗan kasuwa na iya jin farashin Tawa ko Damagaram kafin ya loda mota. Amma da ita da Marcel Fafchamps suka duba farashin da ake biyan manomi, sai suka tarar bambancin ya ɗan ragu a wake kawai, bai motsa ba a hatsi da dawa, kuma ba su ga alamar cewa abin da ke shiga aljihun manomi ya ƙaru ba. Ba abin mamaki ba ne. Manomi na iya sanin buhu ya fi tsada a Maraɗi, ko zai fi tsada bayan wata shida; in mai bin sa bashi na tsaye a ƙofa, sanin bai ƙara masa komi ba.

Masu kewar zamanin da sukan ce a koma lokacin da gwamnati ke yanka farashi. Ya kamata a tuna zamanin yadda yake. An kafa SONARA a 1962 don sayen gujiya, an kafa OPVN a 1970 don cinikin cimaka. Hukuma kan bayyana farashi kafin a buɗe ciniki, manomi ya san abin da zai samu, wannan kam alheri ne. Sai dai farashin sau da yawa ƙasa yake da na kasuwa, domin manufar ita ce a cika baitulmali da kuɗin gujiya, a kuma ciyar da birane da araha. A zamanin Saini Kunce har kaso aka riƙa ɗora wa ƙauyuka su kai wa OPVN ta hannun sarakuna, mai wayo ya laɓta wa jaki kaya ya tsallaka iyaka da dare. Ko a lokacin ma, mai ci aka fi dubawa.

Da aka shiga tsarin gyaran tattalin arziki na FMI da Bankin Duniya cikin shekarun 1980, sai aka tashi daga wannan gefe aka faɗa wancan. Aka karɓe wa OPVN ikon ciniki, aka bar masa tsaron ajiyar ko-ta-kwana. Asusun bashin manoma na CNCA ya durƙushe, bankin BDRN ya bi shi a 1990, ƙauye ya wayi gari ba mai ba shi rance sai ɗan kasuwa. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, aka yi alkawari cewa mutanen karkara ne za su ci moriya, tun da kayansu za su samu shiga waje. Masu fitar da bisashe da albasa da wake sun ɗan taɓa. Mai noman hatsi don ci kuwa, abin da ya gani shi ne taki da magani da kananzir sun hau. Daga babban taron ƙasa na 1991 zuwa yau an yi jamhuriya biyar, sojoji sun karɓi mulki sau huɗu, an buɗe bankin noma na BAGRI a 2011, an kawo shirin 3N a 2012, amma ba a samu gwamnatin da ta ɗore da ɗaukar farashin kaka da muhimmanci ba yadda ake ɗaukar farashin shinkafa a Yamai.

Sannan akwai iyaka. Farashin tiya a Kornaka na bin Maraɗi, Maraɗi na bin Jibiya da Katsina, su kuma suna bin Dawanau ta Kano, wadda ke cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. In naira ta yi ƙarfi hatsi ya gangara kudu, in ta faɗi ya hauro arewa. Dattawa ba su manta da yunwar 1984 ba, wadda suka sa wa suna El Buhari don ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. An sake rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan takunkumin CEDEAO ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, har zuwa Fabrairun 2024. Kowane rufi na dukan ɗan Dakoro gaba da baya: masarar da ke shigowa ta yi tsada, waken da yake fitarwa ya rasa mai saye. Wake kuwa shi ne kuɗin manomin arewacin Maraɗi tun da noman gujiya ya ja baya, kuma Najeriya ce babbar kasuwarsa.

A Oktoban 2024, bayan damanar da cimaka ta yi tsadar da ta gigita kowa, hukumomi sun hana fitar da shinkafa da hatsi da dawa da masara da wake zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Manufar a bayyane take. Ga hani, ga kuma kaka mai albarka, farashi ya sauka a 2025, mai cefane ya numfasa. Amma a dubi watan da aka ɗauki matakin: Oktoba, lokacin da manomi ke kai kaya kasuwa. Abin da aka rage wa mai saye, daga hannun wani aka rage shi. In ƙasa ta ga ya wajaba ta tsare abincinta a gida, haƙƙinta ne. Sai dai ya wajaba kuma ta tambayi kanta wa ke biyan kuɗin wannan tsaro, ta mayar masa da wani abu. Manomin da ya ga wakensa ya faɗi warwas bana, baɗi zai rage gona, ko ya jinginar da ita ya bi motar Agadas, daga nan kuma tsadar da ake gudu ta komo.

To, me ya kamata a yi? Na farko, a riƙa faɗin farashi biyu. Tun 1989 Nijar ke da hukumar bin farashin kasuwanni, wadda aka sani yau da SIMA, ma'aikatanta na rubuta farashin manomi da na mai saye. Alƙaluman na nan. Abin da ya rage shi ne a jera su gefe da gefe, da Hausa da Fulatanci da Tamashek: ga abin da aka biya manomi a Kornaka, ga abin da aka sayar a Maraɗi da Yamai, ga yadda ya kasance bara war haka. Sani kaɗai ba ya biyan bashi, kamar yadda aka gani, amma abin da ba a auna shi a bainar jama'a ba a tuhumar kowa a kansa. Duk ministan da ya fito ya yi albishir cewa hatsi ya yi araha, a tambaye shi: a hannun wa?

Na biyu, hukuma ta yi sayenta a kan lokaci. OPVN na sayen hatsi don cika ajiyar ƙasa da sayarwa cikin rahusa, kuma wannan kuɗi shi ne babban makamin da gwamnati ke riƙe da shi. In ya fito a Fabrairu ko Maris, aka ba manyan ƴan kasuwa kwangila, to da kuɗin talakawa an sayi hatsin manomi ne daga hannun wanda ya riga ya amshe shi da araha. In kuwa aka bayyana farashi tun Satumba, aka buɗe wurin saye a Dakoro da Kornaka da Sabon Mashi, aka saya kai tsaye daga ƙungiyoyin manoma, aka biya kuɗi hannu, to ɗan baranda dole ya ɗaga tayinsa ko ya koma da buhu wofi. An gwada irin wannan da wake a kakar 2008, lokacin da gwamnati ta sa OPVN ya saya bisa farashin da ya fi na kasuwa. Wanda ya kai nasa da kansa ya ga amfani, wanda bashi ya riga ya cinye nasa sai kallo. Abin da aka rasa shi ne ɗorewa. Manomi na shuka a Yuni, yana bukatar ya san tun lokacin cewa za a saya a Oktoba, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa.

Na uku, a ba manomi ƙarfin jira. Hanyar ba baƙuwa ba ce: tun 1999 hukumar FAO ta shigo da tsarin da ake kira warantaji, wato jinginar da amfanin gona. Ƙungiya ta tara buhunanta a mangaza, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin asusun bashi. Asusu ya ba kowa rance gwargwadon kayansa. Da rani mutum ya yi kiwo ko ƴar sana'a ya biya, a buɗe mangaza ya ɗauki hatsinsa, ya ci ko ya sayar da daraja. Tsarin na da haɗari, don shekarar da farashi bai tashi ba kuɗin rance na iya cinye ribar. Kuma bai wuce ƙauyukan da furoje ya taka ba, saboda mangazu kaɗan ne, asusun da ke yarda su shiga daji sun fi su ƙaranci. A nan ake bukatar hukuma: ta gina mangaza a kowace babbar kasuwar ƙauye, ta tsaya wa asusu lamuni, ta sa bankin noma ya yi aikin da aka kafa shi dominsa. Kada a yi irin ta bankunan cimaka, waɗanda da yawansu suka zama kufai don an zuba musu jari sau ɗaya an juya baya. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka faro a jahar Maraɗi a 1991 da ɗan zubin mako mako, sun riga sun nuna cewa talaka na biyan bashi in an ba shi bisa sharaɗin da zai iya.

Na huɗu ba ya bukatar tallafin kowace ƙasar waje. Ma'aikatun magajin gari na amsar kuɗi kowace ranar kasuwa. Cikin wannan kuɗi a sayi ma'aunin kilo, a ajiye tiya mai hatimi wadda da ita za a saya da ita za a sayar, a sa mai duba awo wanda mace mai tiya uku za ta iya kai wa ƙara. Malamai ba su gaji da wa'azi kan tauye awo ba, saura hukuma ta sa hannu.

Kaka na tafe, kamar kowace shekara. Za a ɗaure damma, amalanke zai bi amalanke, rediyo zai yi albishir cewa farashi ya sauka, mutanen birni su yi hamdala. Kafin a gama hamdalar, ya kamata a tuna da wanda ke tsaye a ɗaya gefen tiyar, don shi ne zai shuka abin da za a ci baɗi. Duk mai riƙe da ragamar ƙasa, soja ko farar hula, ga ma'auni mai sauƙi da za a yi masa hisabi da shi: ranar da manomin Dakoro zai saurari tayin ɗan baranda a watan Oktoba, ya ce masa albarka, ya ɗaure bakin buhunsa ya koma gida ba tare da fargaba ba, ranar ce za a ce an soma aiki.